Mai Ciki Da Ciwon Nimoniya: Kada A Ji Tsoron Hoton Ƙirji

Wannan jawabi ne da wata malamar asibiti ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata.

 

Yau zan yi magana a kan nimoniya, wato ciwon da wasu suke kira sanyin haƙarƙari. Ciwo ne na huhu. Wani lokaci daga mura yake farawa. Ƙwayar cutar da ake kira bairos sai ta gangara cikin huhu. Huhu ya kumbura, ruwa ya taru inda iska take shiga.

Wannan ciwo ya fi wahalar da mai ciki. Ga dalili. Idan ciki ya girma, mahaifa tana tura huhu sama, wurin ya matse. Kuma mai ciki numfashin mutum biyu take yi, nata da na ɗan da yake cikinta. Ɗan ciki ba ya shaƙar iska da kansa. Daga jinin uwa yake samu.

Duniya ta ga wannan da idonta. A shekarar 2009 an yi annobar wata mura mai tsanani. A ƙasar Amurka, masu ciki ba su wuce mutum 1 cikin 100 na jama'a ba. Amma cikin waɗanda suka mutu, kusan 5 cikin 100 masu ciki ne. Sai kuma cutar korona, wadda ta ɓulla a ƙasar Sin a 2019, ta iso Nijeriya a watan Fabrairu na 2020. Ita ma an lura masu ciki da ta kama sun fi shiga mawuyacin hali, wasu kuma suka haifi bakwaini.

To, yaya likita zai san halin da huhu yake ciki? Zai saurari ƙirji. Zai maƙala ɗan wani abu a yatsa ya auna iskar da take cikin jini. A wurin mai ciki, ana so lambar ta kai 95 ko fiye. Sannan yana iya cewa a je a ɗauko hoton ƙirji.

A nan ne ake samun gardama. Na sha ganin maigida ya karɓi takardar hoto ya ninke ya sa a aljihu. Wai an ce masa hoto yana lalata ciki. Maigida, ka saurare ni. Hasken da na'urar take amfani da shi kaɗan ne ƙwarai. Bai wuce irin wanda jikin kowa yake samu daga ƙasa da sararin sama cikin kamar kwana 10 ba. Kuma ƙirji ake nufa, ba ciki ba. Abin da yake kai wa ga ɗan ciki bai taka kara ya karya ba. Ƙarancin iska a jinin uwa shi ne abin tsoro.

A jikin hoton, lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa, saboda cike yake da iska. Inda ciwo ya kama kuwa fari-fari ne kamar hazo. Nimoniyar bairos takan fito nan da can, sau da yawa a ɓangare biyu. Idan hazon ya yi yawa, likita zai kwantar da mace ya sa mata iskar oksijin. Hoton yana kuma iya nuna alamar tarin fuka ko kumburin zuciya. A manyan asibitoci akwai wani hoto da ya fi wannan gani, ana kiransa siti sikan. Likita ne zai ce ko ana bukatarsa. Ke dai ki gaya wa mai ɗaukan hoto kina da ciki, da watanninsa.

Wani abu kuma. Kafso da ake saye a kemis ba ya kashe bairos. Akwai maganin mura mai tsanani da likita yake bayarwa, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 2.

Saboda haka, idan mai ciki tana tari da zazzaɓi, numfashinta yana sauri, ko ba ta iya gama magana sai ta huta, ko ɗan ciki ya rage motsi, a kai ta asibiti a ranar. Kada a ce sai ranar awo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.