Bangaskiyar Ranar Litinin

  

An nemi in yi magana a kan bangaskiya, da nufin Allah ga rayuwar mutum, da halin kirki. A takarda batutuwa uku ne, amma magana ɗaya na zo da ita. Bangaskiyar da ke tsayawa a ranar babban gwaji, tun a ƙananan ranaku ake gina ta: a kasuwa, a gona, a ofis, a tsakar gida, inda ba fasto, ba dattijo, ba mai tafa wa mutum. Ranar Lahadi kowa ya yi wanka ya sha ado, muryoyi sun haɗu, ganga na tashi. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke biyo mu gida, ya kwana da mu, ya tashi da mu ranar Litinin.

Bari in fara da matasa, domin su ne suka fi zuwa da tambayar nan: "Baba, yaya zan gane nufin Allah a rayuwata?" Yawanci mai tambayar ya gama makaranta, ya gama bautar ƙasa, takardun neman aiki sun tsufa a jaka. A ransa nufin Allah wani babban abu ne da ke can gaba, wata rana ƙofa za ta buɗe ya shiga. Kafin ranar kuwa, zaman jira yake yi.

Ku dubi yadda bishara ta iso mana. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasashen da a lokacin ake kira Sudan. Cikin kimanin shekara guda Kent ya mutu a Bida, Gowans ya mutu a Girku, duka a 1894. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu aka kafa tasha ta farko a Patigi. Gowans da Kent ba su ga majami'a ko ɗaya ba, ba su ji ana rera waƙar yabo da Hausa ba. Da ma'aunin da muke auna nasara yau, sai a ce sun yi asarar ƙuruciyarsu. Amma daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, kuma da yawa daga cikinmu a nan 'ya'yanta ne. Ashe mutum yana iya cika nufin Allah sarai, ya koma ga Mahaliccinsa bai ga amfanin gonar da idonsa ba. Abin da aka ɗora masa shi ne ya riƙe aikin da ke hannunsa da aminci.

Haka aikin Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗinsu ya koma Wusasa a 1929. Shekaru ya yi yana juya kalma ɗaya bayan ɗaya, tare da malaman Hausa da suka taimake shi, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da harshenmu a 1932. Aiki ne na zama a kan kujera, da gyara, da sake gyara. Daga ƙaramar makarantar mishan ɗin aka samu Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Malamin da ya koya musu haɗa baƙi bai san inda za su kai ba. Ya dai zo aji a kan lokaci, ya koyar da gaskiya.

Wurin da na fi so mu dakata shi ne wajen kutare. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan suka karɓi kula da sansanonin masu ciwon kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. A lokacin babu ƙwayar da ke warkar da ciwon. Allurar wani mai ake yi, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasashen Asiya, allura mai zafi, sai wajen 1950 maganin dapson ya fara yaɗuwa. Ku kawo hoton a ranku. Gari ya waye, mutane sun yi layi a ƙarƙashin rumfa. Ma'aikaci ya durƙusa gaban wani dattijo da danginsa suka ware wa kwano da tabarma. Ya kwance tsumman da ke ƙafarsa, ƙudaje suka tashi, wari ya bugo. Ya jawo kwanon ruwan ɗumi, ya jiƙa ƙafar, ya kankare mataccen nama a hankali, ya sa magani, ya naɗe da bandeji mai tsabta. Dattijon ba ya jin zafi, domin ciwon ya kashe jijiyoyin wurin, saboda haka ko an yi aikin da ha'inci ba zai sani ba. Ma'aikacin ne kaɗai ya san ko ya wanke gyambon har ciki ko ya rufe shi da datti. Gobe kuma ya sake, jibi ya sake. Da yawa cikin masu wannan aiki 'yan ƙasa ne, wasunsu ma a wurin suka warke suka tsaya suna yi wa wasu. Ba a rubuta sunayensu a bangon majami'u ba. Ni a wurina, su ne manyan malaman tauhidin ƙasar nan.

Yanzu mu dawo kasuwa. Kowa a zauren nan ya san akwai 'yan hatsi masu mudu biyu, na saye da na sayarwa. Na sayen mai faɗin ciki ne. Na sayarwar an buga gindinsa da guduma ya ɗan shige sama, ido ba ya ganewa sai an kifa shi. Mai saye yana tsaye, ana cika mudu har ya yi tozo, ana yi masa fara'a, har da gyara a kai, ya tafi yana godiya, alhali an zaftare masa cin yaro guda. Akwai mai zuba tsakuwa a wake, akwai mai jiƙa masara don ta yi nauyi, akwai mai yi wa nono algus da ruwa. Annabi Amos ya yi wa irin waɗannan 'yan kasuwa faɗa mai zafi tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, Dokar Musa kuma ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa. Maganar ba sabuwa ba ce.

To, ga 'yar'uwarmu mai awo. Jiya Lahadi ta sa anko na Zumuntar Mata, ita ce ta ja waƙa, ta kai baikonta gaba da rawa. Yau ta shimfiɗa buhu a rumfa. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin makarantar yara na jira, maigida ba shi da lafiya, ta kusa da ita kuma da bugaggen mudu take awo, ribarta ta fi tata. Ba wanda zai kama ta in ta yi haka ita ma. A daidai wannan lokaci, da hannunta a cikin buhu, ake sanin ko waƙar jiya ta shiga zuciya. In ta ɗauko mudun gaskiya ta auna, ta yi sujada wadda ba ta gaza ta jiya ba, kuma ta yi wa'azin da duk kasuwa za ta fahimta, Kirista da Musulmi da Bamaguje.

Ba zan ɓoye muku ba, wataƙila ta koma gida da riba kaɗan. Akwai masu wa'azi yau da ke alkawarta wa mutane cewa duk mai bangaskiya sai ya yi mota ya yi gida, in kuma bai samu ba, to bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan koyarwa tana karya zukatan talakawa masu aminci, tana kuma sa matasa su ɗauka cewa Allah abokin ciniki ne. Yusufu ya riƙe amanar gidan Fotifar, ya ƙi matar maigidansa, sakamakon da ya fara gani shi ne kurkuku. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan yana bauta da ɗauri, kuma a kowane wuri aka sa shi, sai an wayi gari an danƙa masa makullai. Manzo Bulus da kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti don ya ci da guminsa. Gaskiya tana da tsada, amma mai ita yana barci da rai kwance, 'ya'yansa kuma ba sa sunkuyar da kai in an ambaci sunansa.

Abin da na faɗa a kan mudu, ma'aikacin ofis ya ɗauka nasa ne in ana jiran na goro kafin fayil ya motsa, haka uban da ke biya wa ɗansa kuɗin satar amsa a jarrabawa, haka ma'ajin ikkilisiya da ke ranta wa kansa baiko da niyyar zai mayar. Gida kuwa ya fi ko'ina tonon asiri. Mutumin da ke jagorar addu'ar safe a majami'a, ya dawo ya ɗaga wa matarsa hannu, 'ya'yansa sun riga sun yanke hukunci a kan addininsa, kuma wa'azin shekara goma ba zai goge abin da suka gani ba. Gara ba ta cin azara daga waje. Ɗaki yana nan tsaye da kyansa har ranar da iska ta taso.

Iskar kuwa tana tasowa, mu a Arewa mun sani. A watan Fabrairu na 2018 aka sace 'yan mata daga makarantar Dapchi a Jihar Yobe, aka sako mafi yawansu, aka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, domin ta ƙi barin bangaskiyarta. A watan Janairu na 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi na ikkilisiyar EYN, shugaban CAN a Michika. Duniya ta ga hoton bidiyonsa yana hannun waɗanda suka kama shi, yana magana a natse, ba zagi, ba rawar murya, yana miƙa al'amarinsa ga Allah, kafin a kashe shi. Muna ambaton su da hawaye, ya kuma kamata. Amma kada mu ɗauka irin wannan tsayuwa daga sama take faɗowa a rana ɗaya. Wanda ya saba sayar da gaskiyarsa a kan naira ɗari, da wuya ya riƙe ta ranar da aka nemi ransa.

Ina so in faɗi wani abu kuma saboda baƙinmu Musulmi da suka amsa gayyata. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Duk Kiristan da ya ji wannan labari, ya wajaba ya tambayi kansa ko maƙwabcinsa Musulmi zai iya gudowa gidansa da irin wannan tabbaci. Ba a ranar tashin hankali ake ƙulla wannan yarda ba. Da gaisuwar safe ake ƙulla ta, da zuwa ta'aziyya, da biyan bashi a kan lokaci.

Wataƙila wani yana zaune yana cewa a ransa, "Ni kam na riga na ɓaci, hali zanen dutse ne." Hausawa sun faɗi haka, kuma sun ga abin da suka gani. Amma bisharar da muka karɓa ta ce mai sassaƙa dutsen yana da rai. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, a gaban 'yar aiki, shi ne kuma ya tsaya gaban dubban mutane ranar Fentikos. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya tara dukiyarsa da zalunci, amma da Yesu ya shiga gidansa, ya ba matalauta rabin abin da ya mallaka, ya kuma ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ku lura, tubansa ya taɓa aljihunsa. Ba da ƙarfinmu muke sake hali ba, aikin Ruhu Mai Tsarki ne, amma Ruhu ba zai mayar maka da kuɗin marainiyar da ka ci ba. Kai za ka taka da ƙafarka ka kai.

Saboda haka, 'yan'uwana, ga roƙona kafin mu tashi. Kai saurayi mai jiran babban aiki, ka kama ƙaramin da ke gabanka, ko koyar da yaran unguwa ne, ko noman gonar mahaifinka, ka yi shi kamar Ubangiji ne ya ba ka da hannunsa. Ke uwa mai awo, in kina da mudu biyu, ki fasa ɗaya yau da dare. Wanda ake bi bashi yana ɓuya, ya je ya sami mai kuɗin cikin makon nan, ko bai da duka ya kai abin da ya samu, ya nemi gafara. Maigidan da ya san ya ɓata wa iyalinsa rai, kada ya bari Lahadi ta zo bai ba su haƙuri ba. Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya kai kowa gida lafiya.