Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Yadda Mai Ilmi Ke Samun Suna



An ba mu dama mu yi magana a kan wani abu da ba a koya mana a aji, watau yadda mai ilmi zai yi jama'a su san shi da ilminsa, har su yarda da maganarsa. Mu da muka fito daga Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, da yawanmu can za mu koma aiki, wani malamin gona, wani malamin asibiti, wani malamin makaranta. To, takardar da za mu koma da ita ba ta magana. Manomi ba zai ce a nuna masa digiri ba. Abin da zai tambaya shi ne, "Yaron nan, da me aka san shi?"

Mu fara da kasuwa. Kowa ya taɓa ganin mai magani da lasifika, yana cewa ƙunshinsa ɗaya na maganin basir ne da shawara da ciwon baya da sammu. Yakan tara jama'a, a yi dariya a watse. Amma ran da yaro ya faɗo daga kan mangwaro ya karye, ba mai tunawa da shi. Sai a ɗauki yaron a nufi gidan maɗori, ko da tafiyar wuni ce, domin an san shi da abu ɗaya, an kuwa daɗe ana ganin abin yana ci. Ashe suna yakan ginu ne a kan magana ɗaya da aka daɗe ana maimaitawa, aiki kuma yana gaskata ta.

Magabatanmu sun riga mu sanin haka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan ƙauye na bukatar sanin addini, alhali ba za su iya barin gidajensu su zauna makaranta ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattawa, ta kira su jaji, ta ba kowacce malafa don a shaida ta duk inda ta shiga. Ta tsara karatun cikin waƙoƙi na Hausa da Fillanci don a haddace, ta yadda abin da aka ji a wannan ƙauye shi za a ji a wancan. Saƙo ɗaya, alama ɗaya, shekara da shekaru. Ga shi yau har a Amurka akwai mata Musulmi da suka rungumi sunan 'Yan Taru.

Haka nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Sunanta kansa alkawari ne, kuma duk fitowa sai mai karatu ya fara cin karo da alkawarin nan kafin ya karanta komai. A Kamfanin Gaskiya ɗin nan ne Alhaji Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji a 1923, ya yi aiki yana saurayi, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1988.

Idan kuwa magana ta rabu biyu, ɓarnar ba ƙarama ba ce. A 2003 jita-jita ta bazu a Arewa game da allurar shan inna. Ma'aikacin lafiya ya faɗi nasa, wani mai faɗa a ji ya faɗi akasinsa, iyaye suka rasa wa za su bi. Aka dakatar da rigakafi a wasu jihohi, yara suka nakasa, cutar ta tsallaka wasu ƙasashe. Ba a shawo kan abin sosai ba sai da sarakuna suka shigo da ƙarfi a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ya zama abin da aka faɗa a fada shi hakimi zai faɗa, shi mai unguwa zai faɗa a ƙofar gida. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

To, ina darasinmu? Na farko, kowannenmu ya zaɓi fage ɗaya. Malamin gonar da aka tura Kebbe, in ya ce yau taki, gobe kiwon kifi, jibi siyasa, ba abin da za a riƙe. In kuwa ya tsaya a kan yadda za a adana hatsi kada ƙwari su cinye, ya faɗa a kasuwa, ya faɗa bayan sallar Juma'a, ya faɗa a rediyo da wayar hannu, kafin kaka uku sunansa ya zama "malamin rumbu". Na biyu, ya faɗa da harshen da tsohuwa za ta iya maimaitawa ga jikarta. Na uku, kada ya gaji, gama yau da gobe kan sa allura ginin rijiya.

Wani zai ce wannan ai tallar kai ce, mutumin kirki kuwa ba ya yabon kansa. Gaskiya ne, kunya adonmu ce. Amma mu lura, Nana Asma'u karatu ta tallata, suna ya biyo baya da kansa. Sharaɗin kawai shi ne mu san abin da muke faɗa ƙwarai, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙauye ba ya mance wanda ya sa aka yi asarar iri.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu bar jami'ar nan kowa ya amsa wa kansa tambayar manomin can. Allah Ya sa a san mu da alheri, amin.