Tusar Jaki, Kanta Da Gyambo: Wanne Za A Ƙyale, Wanne Za A Kai Asibiti?

Wannan shi ne jawabin da wani likitan cututtukan fata ya gabatar a gaban dattawa da matasan unguwar Ƙofar Wambai ta birnin Bauchi, a lokacin da 'yan unguwar masu neman abinci a Kudu suka zo gida yin Sallah. An buga shi a nan domin amfanin sauran 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu da Anaca waɗanda ba su sami halarta ba.



Duk wanda ya tashi a Ƙofar Wambai ba ya bukatar a gaya masa amfanin ganuwa. Sa'ad da Sarki Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa wannan birni a shekarar 1809, sai aka kewaye shi da ganuwa, aka bar ƙofofi, aka sa masu tsaronsu domin a san mai shiga da mai fita. To, fatar ɗan Adam ita ce ganuwar jikinsa. Muddin tana nan lafiya lau, cututtuka da yawa a waje za su tsaya, amma in ta tsage, to, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen da suka tafi Kudu neman halaliya, mafi yawansu da hannu da ƙafa suke ci. Akwai mahauta, akwai 'yan dako, da 'yan ga-ruwa, da masu gadi, da masu yankan farce, da masu gyaran takalma. Irin waɗannan sana'o'i su ne ke sa fata ta yi kaushi, ta yi kanta, ko wani abu ya tsiro a kanta. In haka ta faru, kurakurai biyu aka fi yi. Na farko shi ne mutum ya ɗauki reza ya yanke abin da kansa. Na biyu kuwa shi ne ya rufe shi da riga, ya ce sai ya koma gida. Alhali kuwa waɗannan tsire-tsire na fata kashi uku ne: akwai wanda haƙuri kaɗai yake so, akwai wanda ke bukatar maganin da ya dace da shi, akwai kuma wanda jinkiri a kansa yana iya jawo asarar ƙafa ko ma rai.

WAƊANDA BA SU DA HAƊARI

Tusar jaki ita ce ta fi yawa. Wani ɗan tsiro ne mai kaushi da kan fito a yatsu, ko bayan hannu, ko gwiwa, ko tafin ƙafa. Babu ruwan jaki a ciki, ba kuma jifa ba ce ko baki. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitoci ke kira HPV, mai iri fiye da 100. Tun a shekarar 1907 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Giuseppe Ciuffo, ya nuna cewa ana ɗaukarta daga jiki zuwa jiki. Takan shiga ta inda fata ta ƙuje ko ta yanke, musamman in hannu ya daɗe a jiƙe, sa'an nan ta yi watanni kafin ta bayyana. Wannan ne ya sa mahauta da masu sayar da kifi suka fi sauran mutane fama da ita, har a littattafan likita akwai irin da ake kira da sunan mahauta. Saboda haka masu aiki a mayankar Oko-Oba ta Agege da 'yan'uwansu na Badun su lura, su riƙa wanke yanka da sabulu, su ɗaure shi, su kuma busar da hannu bayan an tashi aiki.

Abin farin ciki shi ne jiki yakan kashe ta da kansa. A wajen yara, kusan kashi biyu cikin uku sukan ɓace cikin shekara 2 ba tare da wani magani ba. In tana damun mutum, akwai maganin shafawa mai suna salicylic acid da ake samu a kemis. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi kamar minti 5, a goge matacciyar fatar a hankali, a ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai, kullum sau ɗaya, har tsawon mako 12 in ta kama. Abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Amma kada a sa shi a fuska ko a al'aura. A manyan asibitoci kuma ana ƙone ta da wani ruwa mai tsananin sanyi, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri.

Abin da bai kamata ba shi ne yanka da reza, ko ƙonawa da ruwan batir, ko ɗiga nonon tumfafiya ko na tinya. Reza tana watsa ƙwayar zuwa lafiyayyen wuri, inda ɗaya take sai a wayi gari sun zama biyar. In kuwa rezar ta taɓa jinin wani, tana iya kawo ciwon hanta ko ƙanjamau. Nonon tumfafiya da na tinya suna ƙona fata, in sun faɗa ido kuma suna yi masa mummunar illa. Lalle ne masu yankan farce da wanzamai su riƙa ba kowane mutum sabuwar reza, domin amanar jinin jama'a tana hannunsu.

Babban mutum da ya ga tusar jaki ta feso masa da yawa a lokaci guda, ya je a auna jininsa, domin wani lokaci alama ce ta raunin garkuwar jiki. Wadda ta fito a al'aura kuwa, wani iri ne dabam da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma sai likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A cikin dangin wannan ƙwaya akwai iri na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙarsu, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan cuta kyauta, kuma jihohin Bauchi da Ikko suna cikin waɗanda aka fara da su. Allurar ba maganin tusar jakin hannu ba ce, amma tana tsare mahaifa, saboda haka uban da ke Kudu ya tambayi iyalinsa ko an yi wa 'ya'yansa.

Kanta ba cuta ba ce. Fata ce ta yi kauri domin ta kāre kanta daga guga, kamar a kafaɗar ɗan ga-ruwa ko tafin hannun mai tura baro. Maganinta shi ne a rage gugar, a sa takalmi daidai ƙafa, a jiƙa wurin a goge da dutsen goge kaushi, a shafa man kaɗe. Haka nan faso da kaushin hunturu. Sai dai mai ciwon sukari kada ya kuskura ya yanki kanta ko ya sa mata maganin ƙonawa, domin ƙafarsa ba ta jin ciwo sosai, mikinsa kuma ba ya saurin warkewa. Ƙafafu da yawa daga ɗan ƙaramin yanka aka soma rasa su.

Har wa yau akwai ƙananan baƙaƙen tsiro da kan fito wa baƙar fata a kumatu da wuya yayin da shekaru suka fara ja, da wasu masu faɗi kamar an manna ɗanko a baya ko a ƙirji. Gado ne da girma, ba a ɗaukarsu, kuma ba sa komawa sankara. A ƙyale su shi ya fi, domin tsinke su yakan bar tabo mai kumburi wanda ya fi su muni.

WAƊANDA KE BUKATAR MAGANINSU

Kashi na biyu su ne masu ɓawo. Makero da kyasfi dangin fumfuna ne ke kawo su, zafi da gumi da cunkoson ɗakin kwana na biranen Kudu kuwa abin da suke so ke nan. Suna warkewa da maganin shafawa na musamman, amma makeron da ya kama kan yaro sai an haɗa da na sha. Akwai kuma wata larura mai sa fata ta yi kauri da farin ɓawo a gwiwar hannu da ta ƙafa da cikin gashi, wadda ba a ɗauka ko da an ci a kwano ɗaya, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Babbar matsala a nan ita ce man da ake saye a tasha ko a bakin kasuwa, wanda mai talla zai ce yana maganin kowace irin cutar fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadari mai kwantar da ƙaiƙayi na kwana biyu, alhali yana ƙara wa makero ƙarfi, yana kuma sa fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa. Haka man bilicin yake yi. Ko da magani yana da lambar hukumar NAFDAC, sai an san cutar kafin a san maganinta.

Wurin da ya yi haske fiye da sauran jiki, ba ya ƙaiƙayi, kuma ba ya jin taɓawa, a gaggauta kai shi a duba, domin yana iya zama farkon kuturta. Mutanen Bauchi sun san Bayara, inda aka daɗe ana kula da masu wannan larura. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna masu warkar da ita cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wanda ya zo da wuri yakan warke da yatsunsa cif.

WAƊANDA BA SA SON JINKIRI

A ɗauki misalin ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Ikko, wanda yake da tsohon tabon wuta a ƙwauri tun yana yaro. Wata rana tabon ya yi kaushi, ya fashe, ya ƙi rufewa. Sai ya barbaɗa masa garin kafso, ya ɗaure da tsumma, ya ce in ya zo Sallah a yi masa na gida. Bana babu kuɗin mota, baɗi uban ɗaki bai ba da dama ba, tsakanin Ikko da Bauchi kuwa ya fi kilomita 1,000. Kafin ya iso, bakin gyambon ya tashi ya yi tauri, kaluluwa ta fito a matsematsi. Abin da da farko za a yanke a ɗinke a sallame shi, yanzu ya zama maganar yanke ƙafa. A jikin baƙar fata, sankarar fata ta fi son irin waɗannan wurare, watau tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya shekara.

Wuri na biyu shi ne tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Baƙin ɗigon da ya fito a nan yana faɗi, kada a ɗauke shi tawadar Allah ko taruwar jini. Shahararren mawaƙin nan na ƙasar Jamaika, Bob Marley, irin wannan ce ta fara masa a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa, ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

Na uku su ne 'yan'uwa zabiya. Fatarsu ba ta da launin da ke tare zafin rana, don haka tun da ƙuruciya sukan sami wasu ƙuraje masu kaushi kamar yashi a goshi da kunne da leɓe da wuya. Waɗannan su ne 'yan aiken sankara, kuma likita yana iya kashe su tun ba su zama ita ba. A 1975 Farfesa Anezi Okoro na Inugu ya binciki zabiya 1,000 a ƙasar nan, ya nuna irin ɓarnar da rana ke yi musu. Lalle ne zabiya ya riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, ya shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko fiye, ya guji rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Bai dace ba iyaye su ɗora wa yaro zabiya talla, ko a tura shi dako ko kiwo da tsakar rana. A nema masa karatu ko sana'ar inuwa.

Ga alamun da in an gan su ba a jira: mikin da ya wuce wata ɗaya bai warke ba, tsiron da ke girma da sauri, ko yake jini ba tare da an taɓa shi ba, ko ya sauya launi, da tsohon tabon da ya fashe. Likita zai ɗebi ɗan ƙanƙanin yanki a auna, sa'an nan a san gaskiya. Camfin da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, shi ya hana mutane da yawa zuwa da wuri. Sankarar fata in an cire ta tana ƙarama, mafi yawanci shi ke nan.

Daga ƙarshe, asibiti ba shi da ƙabila. Mazauna Ikko suna da Asibitin Koyarwa na Idi-Araba, kusa da unguwar Hausawa, da na Ikeja. Mazauna Badun suna da babban asibitin jami'a da aka buɗe a 1957. Fatakwal da Inugu kowanne yana da nasa, a nan gida kuma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarabanci ya nemi ɗan'uwa ya raka shi, sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma su taimaka wajen haɗa gudummawa ga marar ƙarfi. Mutum ya bar iyali ya tafi nema ne domin ya dawo da abin hannu, kuma ba zai iya ba sai da hannun da ƙafar.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya mai da matafiya masaukinsu lafiya, Ya sa a yi ta nema cikin rufin asiri.