Shekara 40 ba tsuhwa ba ce, amma a riƙa auna jiki

Jawabi zuwa ga ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata

Maganar yau ta masu shekara 40 zuwa 50 ce. Su ne ginshiƙin gida. Su ke noma, su ke ciyar da yara, su ke riƙon tsohi. In ɗayansu ya kwanta, gida duka ya kwanta.

Daga shekara 40 jiki shina sakewa. Wata sakewar ta shekaru ce, babu haɗari cikinta. Wata kuwa ciwo ne mai ɓoyo. Ya kamata kowa shi san bambancinsu.

Ido

Ga manomi ya shiga makaranta da zuciya ɗaya. Rubutun babban allo shina ganinshi sarai. Amma in ya ɗauki littahi, baƙaƙe sai su cuɗe. Sai ya miƙa hannu nesa kahin shi gani. Da dare gaban hitila abin ya hi muni. Sai shi ce kanshi ya tsuhwa, shi bar makaranta.

Ba kai ba ne, ido ne. Cikin ido akwai wani ɗan abu kamar madubi, mai lanƙwasa domin ganin kusa. Wajen shekara 40 zuwa 45 shina hwara tauri. Shi ke hana mace sa zare ga allura, ko tsince tsakuwa cikin wake. Maganinshi madubin ido na karatu. In an gwada an samu daidai, baƙaƙe su komo. Kada kowa shi bar karatu saboda wanga.

Amma in ganin nesa ke raguwa, ko ido shina ciwo, wannan wani abu ne daban. Sai a tahi wurin likitan ido. Kada a bari mai yawon magani shi taɓa ido da allura.

Ɗaukewar al'ada ga mata

Mata da yawa al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. Kahin ta ɗauke tana rikicewa: wata guda ta zo, wata biyu ko uku ta ƙi zuwa. Mace ta kan ji zahi ya taso mata daga ƙirji zuwa huska. Gumi shi jiƙe ta cikin dare, ko da lokacin ɗari ne. Barci shi ƙi. Hushi shi zo babu dalili, wani lokaci har da kuka.

Wanga ba iskoki ba ne, ba sammun kishiya ba ne. Ba kwantaccen ciki ba ne kuma. Jiki ne ke rage aikin haihuwa. Kada a kashe kuɗɗin hatsi wurin boka.

Abu biyu ke son kula. Na ɗaya: sai mace ta cika wata 12 ba ta ga jini ba, sannan ake cewa al'ada ta ɗauke. Kahin nan tana iya ɗaukar ciki, kuma cikin wanga lokaci shina da wuya. Mai son hutu sai ta yi shawara da ungozomar gidan likita. Na biyu: in jini ya sake zuwa bayan shekara guda, ko mace ta ji ƙullutu cikin nono, kada ta jira kaka. Ta tahi likita cikin satin nan.

Maigida kuwa shi yi haƙuri. Matar da ta haihu mashi, ta daka, ta ɗebo ruwa shekara da shekaru, ba ta zama tsohuwar ƙwarya ba. Magana mai daɗi da rage mata aiki su ma magani ne.

Hawan jini da ciwon sukari

An ce jiki magayi. Amma hawan jini ba shi hwaɗi. Mutum shina iya noma, shina cin kasuwa, ba shi jin komi. Rana ɗaya shi hwaɗi, rabin jiki shi mutu, baki shi karkace. Hanya guda ce ta saninshi: awo. A gidan likita ana ɗaura ma mutum abin awo ga hannu, ba allura, ba zahi. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya hi, kuma an sake wata rana an samu haka, to hawan jini ne. Wanda anka ba magani kada shi bari don ya ji sauƙi.

Ciwon sukari shi yana da alamu: yawan ƙishirwa, yawan hitsari da dare, rama, da miki wanda ba shi warkewa. Ɗigon jini daga yatsa ya isa a gane shi.

Damuwa

Cikin waɗanga shekaru kaya ke yin yawa. Ga aurar da ɗiya, ga jinyar tsohi, ga samari sun tahi cin rani babu labari. Namiji shi ga ƙarhinshi bai kai na da ba, shi yi shiru don kunya. Sai shi sayi ƙwayar ƙarin ƙarhi wurin mai tebur. Ƙwayar tana rufe gajiya, ba ta kawar da ita, kuma tana kama mutum har shi kasa aiki sai da ita. Wanda tunani ya hana shi barci da cin abinci kwana da kwanaki, shi hwaɗa ma amininshi, shi hwaɗa ma malamin likita. Ba abin kunya ba ne.

Abin da za a riƙe

1. Mai shekara 40 shi auna jininshi ko sau ɗaya kowace shekara. Ranar kasuwa ma ta isa.
2. A rage gishiri. Babba kada shi wuce ƙaramin cokali guda a yini. Dunƙulen miya na kanti gishiri ne ya hi yawa cikinshi, kanwa ma a rage ta.
3. A rage sukari cikin shayi da hura. A bar taba, ta sha da ta ci.
4. A ci ganye: zogale, rama, yakuwa, kuka. A ci wake, a sha nono.
5. A sha ruwa sosai lokacin bazara, a huta ga inuwa in rana ta take.
6. Wanda ya bar gona ya koma zaman tebur, shi riƙa tahiya ƙasa kullum.

Wanda ya iya karatu shi rubuta awon jininshi da ranar awo cikin littahinshi, shi kai ma likita in ya koma. Shi karanta wanga jawabi ga maƙwabcin da bai iya ba. Rigakahi ya hi magani. Allah shi ba mu lahiya da tsawon rai.