Ƙofa 50, Makulli 170: Wa Aka Gina Wa Gidan Nan?

Maganarmu ta yau a kan abin da ke cikin aljihun kusan kowa ne a nan, watau waya, da shafukan nan na sada zumunta da ke cikinta, irin su Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp. Ba mu zo mu ce ku bar su ba, gama da yawanku da su ku ke neman abinci. Mai atamfa ta kan ɗauki hoton kayanta ta sa, mai hatsi ya kan ji farashin Dawanau tun bai ɗora buhu a mota ba. Abin da za mu duba shi ne wurin nan da su ke kira saitin sirri, inda a ke cewa mutum zai zaɓi wanda zai ga abinsa da wanda ba zai gani ba.

Sau da yawa in hoton iyalin mutum ko lambar wayarsa ta faɗa hannun da bai so ba, sai ka ji an ce laifinsa ne, bai iya waya ba, bai yi boko ba. Shi ma sai ya yarda, ya yi shiru don kunya. To, wannan magana ba ta da tushe. Wuyar saitin nan ba daga jahilcin talaka ta fito ba. Haka aka gina shi, kuma ga shaidu.

A watan Mayu na 2010 jaridar New York Times ta Amurka ta zauna ta ƙirga. Ta tarar mai son ya tsare sirrinsa a Facebook sai ya bi saiti 50, masu zaɓi fiye da 170. Takardar sharuɗɗan sirri ta kamfanin kuwa, wadda a 2005 kalmominta 1,004 ne, ta kai kalmomi 5,830, watau ta fi asalin tsarin mulkin Amurka tsawo. Ku dubi wannan. Takardar da aka kafa ƙasa guda a kanta ta fi gajarta bisa takardar da a ke so mai sayar da tumatir ya karanta kafin ya sa hoton ɗansa. Tun a 2008 ma waɗansu malamai biyu na jami'ar Carnegie Mellon sun yi lissafi, su ka ce in Ba'amurke zai karanta irin waɗannan takardu na dukan shafukan da ya ke shiga, sai ya kashe fiye da awa 200 a shekara. Wane ne cikinku zai rufe rumfa ya yi wannan?

Kowa a nan ya san yadda gida ya ke. Akwai ƙofar gida, akwai zaure inda baƙo ke tsayawa, akwai cikin gida inda sai wanda aka yi wa izini. Ba a bukatar malami ya bayyana wa yaro wannan. To, a ce an ba ka gida mai ƙofa 50, waɗansu a bayan rumbu, waɗansu a kan soro, waɗansu ba ka ma san da su ba, sa'an nan ranar da ka tare aka bar yawancinsu a buɗe. In ɓarawo ya shigo, a ce kai ne ba ka rufe ba. Wannan shi ne halin da mu ke ciki.

Masu cewa rashin boko ne, su saurari wannan. A 2011 malaman jami'ar Columbia ta birnin New York sun gwada ɗalibai 65. Su ka tambayi kowanne abin da ya ke so a gani da abin da ya ke so a ɓoye, sa'an nan su ka duba shafinsa. Ba ko ɗaya cikin 65 ɗin nan da saitinsa ya dace da nufinsa duka. Wani bincike na shekarar, a kan mutum 200, ya nuna sau 37 kaɗai cikin 100 saitin ya ke daidai da abin da mai shi ya ke tsammani. Kai, har gidan mai kamfanin abin bai bari ba. A Disamba ta 2012 Randi Zuckerberg, yayar Mark Zuckerberg wanda ya kafa Facebook, wadda ita kanta ta yi shekaru tana babban aiki a kamfanin, ta sa hoton iyalinsu don abokanta kaɗai. Wata mata da ba ta cikin abokanta ta gan shi, sabo da tana abota da wata 'yar'uwarsu da aka maƙala sunanta a hoton. Ta ɗauka na kowa ne, ta yaɗa shi a Twitter, duniya ta gani. In 'yar gida ta ɓata a cikin gidansu, ina laifin baƙo?

Yanzu mu zo ga babbar maganar, watau yadda ka tarar da ƙofa ranar da ka shiga. Kamfanonin nan sun sani sarai yawancin mutane ba su taɓa saiti. Yadda su ka same shi, haka su ke barinsa har shekara goma. Don haka wanda ya ke da ikon ajiye shi tun farko, shi ne mai ikon gaske, ko da ya ba ka zaɓi dubu a bayan haka. A Disamba ta 2009 Facebook ya sake fasalin saitinsa, ya ce don sauƙi ne. Amma abin da ya zaɓa wa mutane a rubutunsu shi ne kowa ya gani, ya kuma mai da suna, da hoton fuska, da garin da mutum ke zaune, da jerin abokansa abin da kowa zai iya gani. Mutanen da su ka ɓoye jerin abokansu jiya su ka wayi gari yana a fili. Ba wanda ya zo ya nemi yardarsu sosai. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kama kamfanin da yaudara a kan wannan, aka yi sulhu a Nuwamba ta 2011, da sharaɗin za a riƙa binciken sa har shekara 20.

Me ya sa su ke son ƙofa a buɗe? Ku 'yan kasuwa ba sai an gaya muku ba. Wanda ya ba ka rumfa kyauta, a wani wuri ya ke fanshewa. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kusan dala biliyan 135, kuma fiye da kashi 97 cikin 100 na kuɗin nan daga talla su ka fito. Mai talla kuwa ba ya biya don kyawun fuskarka. Yana biya ne don kamfanin ya san shekarunka, da garinka, da abin da ka ke so, da abin da ka ke nema da dare. Gwargwadon abin da ka bayyana, gwargwadon tsadarka a wurinsa.

Akwai kuma wata ƙofa da makullinta ba ya hannunka, yana hannun abokinka. A 2014 wani malamin jami'ar Cambridge ta Ingila, Aleksandr Kogan, ya yi wata manhaja ta tambayoyin sanin hali. Mutum wajen 270,000 su ka shiga. Amma a lokacin tsarin Facebook ya yarda manhaja ta kwashi bayanan abokan wanda ya shiga, ko su ba su taɓa jin sunanta ba. Ta haka aka kwashi bayanan mutanen da yawansu zai iya kai miliyan 87, aka miƙa wa Cambridge Analytica, kamfanin da ke yi wa 'yan siyasa aikin neman ƙuri'a, wanda ya yi wa Donald Trump aiki a zaɓen 2016. Akwai wurin da mutum zai hana wannan, gaskiya ne. Amma ba a shafin sirri aka sa shi ba, can cikin sashen manhajoji aka binne shi. Mutum ya zaɓi abokai kaɗai, ya kwanta da zaton ya rufe gida, alhali taga tana buɗe ta gidan maƙwabci. Da asiri ya tonu a Maris na 2018, kamfanin da bakinsa ya ce saitinsa a warwatse ya ke a kusan shafi 20, zai tattara su wuri guda. Bayan wata biyu kuma wani kuskure na injinsu ya juya saitin mutum miliyan 14, sabon rubutunsu ya koma na kowa da kowa har kwanaki.

A Yuli na 2019 FTC ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Cikin laifuffukan da ta lissafa akwai wanda ya kamata ku riƙe. An ce wa mutane su ba da lambar waya don a ƙara tsare musu shafi daga ɓarayi. Su ka bayar. Sai aka yi amfani da lambar nan wajen talla, ba a gaya musu ba. Kamar ka ba mai gadin kasuwa makullinka ne don ya tsare maka kaya, ya je ya yanka wani ya ba dillali.

Kamfanonin suna da tasu amsa, kuma za mu faɗe ta don kada a ce mun ɓoye. Su kan ce mutane iri iri ne, wani yana son duniya ta san shi, wani yana son danginsa kaɗai, don haka tilas zaɓi ya yi yawa. Akwai gaskiya a ciki. Sun kuma gyara waɗansu abubuwa: a 2014 Facebook ya mai da rubutun sabon shiga ya zama na abokai kaɗai tun farko, ya kuma kawo hanyar bin saiti mataki mataki, ya fara rufe wa manhajoji hanyar kwasar bayanan abokai. Amma in yawan zaɓi ne kaɗai dalili, me ya sa hanyar buɗewa kullum gajera ce, ta rufewa doguwa? A Yuni na 2018 majalisar kare masu saye ta ƙasar Norway ta bincika Facebook da Google da Windows 10, ta nuna yadda a ke sa maɓallin yarda a gaba da launi mai jan ido, na ƙi kuwa a ɓoye shi bayan shafuka, har da tsorata mutum cewa zai yi hasarar wani abu in ya ƙi. A Janairu na 2022 hukumar Faransa ta ci Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, a kan kukis, watau 'yan alamun nan da shafi ke ajiyewa a wayarka don ya bi sawunka. Laifin shi ne karɓa dannawa ɗaya ce, ƙi kuwa sai an yi ta dannawa. A na Facebook ma, maɓallin da mai son ƙi zai danna a ƙarshe, kalmar karɓa aka rubuta a kansa. Wanda ya taɓa ganin mudu mai dukakken gindi ya san ba hatsari ne ya doke shi ba.

Yara ma ba a ƙyale su ba. Hukumar ƙasar Ireland ta ci Instagram tarar Yuro miliyan 405 a 2022, TikTok kuma miliyan 345 a 2023, kuma cikin dalilan har da barin shafukan yara 'yan ƙasa da shekara 18 a buɗe ga kowa tun farko.

A nan gida, a Yuli na 2024 hukumar kare masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta ci Meta da WhatsApp tarar dala miliyan 220. Ta ce sun yi amfani da bayanan 'yan ƙasa ba da yardarsu ba, sun kuma ba mutanen waɗansu ƙasashe zaɓin da su ka hana namu. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun da ke duba irin wannan ta tabbatar da hukuncin a Afrilu na 2025. Tun Yuni na 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumarta NDPC, inda mutum ke da ikon kai kuka. Abin da ya kamata a matsa wa hukumomin nan su tilasta a kai ba mai wuya ba ne: a ba mutum gida a rufe, shi ya buɗe ƙofar da ya ga dama, a kuma rubuta bayanin a gajarce cikin harshen da ya ke ji.

Kafin a kai nan, ga ɗan abin da ke hannunmu. Ɗan kasuwa wuyarsa ta fi ta kowa, gama yana son rumfarsa a fili, gidansa a rufe, amma duka biyu a shafi ɗaya ya ke zuba su. Wanda ya iya, ya raba: shafin ciniki dabam, na iyali dabam, in da hali ma layin waya dabam. Kafin ka aika rubutu a Facebook ka dubi ƙaramar alamar da ke kusa da sunanka. Hoton duniya yana nufin kowa, hoton mutane yana nufin abokai. Akwai wuri guda da za ka danna ka mai da dukan tsofaffin rubutunka na abokai kaɗai, akwai kuma inda za ka hana baƙo ya gano shafinka ta lambar wayarka. A WhatsApp ka duba wanda ke ganin hoton fuskarka, da wanda ke da ikon jefa ka cikin rukuni ba da saninka ba, gama ta nan 'yan damfara su ke tsintar lambobi. Ku kuma sani, makullan nan duka maƙwabta su ke hanawa, ba mai gidan haya ba. Abin da ka ɓoye wa jama'a a Facebook, kamfanin yana ganinsa. A WhatsApp tun 2016 saƙon kansa a kulle ya ke tsakaninka da wanda ka aika wa, amma lambarka da irin wayarka da lokacin da ka ke shiga ba ɓoyayyu ba ne a wurinsu.

Wuraren nan su kan sauya mazauni duk sa'ad da aka sabunta manhaja, don haka dubawa ɗaya ba ta isa ba, sai a riƙa komawa bayan 'yan watanni. Wanda karatun ya yi wa wuya ya sami ɗansa ko wani amintacce su zauna su bi su tare, amma wayar ta zauna a hannun mai ita, kuma lambar sirrin nan da a ke aikowa ta saƙo kada a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin ya ke.