Jawabin Sakataren Ƙungiya a Kan Haƙƙin Yaranmu Masu Aiki a Gidajen Abinci



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani yaronmu da mai ya ƙone wa hannu a wani gidan abinci a nan Legas. Ya yi jinya da kuɗinsa, da ya koma aka ce an ba wani gurbinsa. Muka tambaye shi takardar ɗaukar aiki, ya ce ba a taɓa ba shi ba.

Wasu sun ji labarin jihar California a Amurka, inda Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a wata doka a 2023. Daga 1 ga Afrilu 2024 ma'aikatan manyan gidajen abincin gaggawa, masu rassa 60 ko fiye a ƙasar, suka koma karɓar aƙalla dala 20 a awa. Aka tambaye mu, me ya hana Legas yin haka? Amsar ita ce tsarin mulkinmu na 1999 ya bar dokar ƙwadago da mafi ƙarancin albashi a hannun tarayya. Saboda haka dokar tarayya ce garkuwar yaranmu, ko daga wace jiha suka fito.

Na farko, dokar ƙwadago ta ce kada wata uku su wuce ba a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa ba. Wanda ya yi fiye da wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sai an ba shi notis na mako ɗaya kafin a sallame shi, ko a biya shi kuɗin makon, in dai ba babban laifi ya yi ba.

Na biyu, tun Yuli 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata. Amma a lura, bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Na uku, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kuɗi a hukumar NSITF. Wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sanar da maigidansa cikin kwana 14. Mu dai shawararmu a yi shi a rubuce, a ajiye kwafi. In abu ya gagara, akwai ofishin ƙwadago, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Inda jiha da ƙaramar hukuma ke da ƙarfi shi ne tsafta. A Janairu 2024 Legas ta haramta fararen kwanukan soso na zuba abinci. Masu tsire, masu shayi da matanmu masu tuwo, a rabu da su. Idan duba-gari ya zo, a nemi ganin katin shaidarsa, kada a biya ko sisi ba rasit.

Sannan mu ma iyayen gida ne. Yaron da ke hura mana wuta yana da haƙƙi a kanmu. Wanda bai iya karatu ba, kada ya dangwala a takarda sai ya kawo ofis an karanta masa. Mu ma a ajin yaƙi da jahilci muka koya, kuma ƙofar ajin a buɗe take.

Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.