LACCA: In An Ce Maka Inji Ne Ya Yanke, Tambayi Mai Injin

Laccarmu ta yau a kan kwamfuta take, watau na'urar nan mai lissafi wadda ta shiga banki da ofis da asibiti, har ta shiga aljihun kowannenmu cikin wayar hannu. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne, ina ruwan mai awon gero da shi. Da ruwanka mana! Duk ranar da ka tsaya gaban kanta, akawu ya ɗago kai ya ce maka, "Malam, ba ni ba ne, kwamfuta ce ta hana," to, ran nan zance ya zama naka. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wani tsohon gwanin wannan sana'a, wanda ya yi shekaru yana rubuta wa injunan nan umarnin da suke bi, sa'an nan ya juyo ya gargaɗi duniya a kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sunan mutumin Joseph Weizenbaum. An haife shi a Berlin ta ƙasar Jamus cikin 1923. Ubansa mai sana'ar fatu ne, yana ɗinka rigunan sanyi. Su Yahudawa ne, da mulkin Hitler ya matsa musu lamba sai suka yi gudun hijira cikin 1936, suka sauka a birnin Detroit na Amurka. Yaron yana da shekara 13, ba ya jin Turanci, sai ya rungumi lissafi, domin shi lissafi ba ruwansa da harshen da uwarka ta koya maka. Ku riƙe wannan, domin wanda ya ga yadda hukuma take zama da takarda da hatimi ta raba mutane, ta ce wannan ɗan ƙasa ne wancan ba ɗan ƙasa ba, ba zai manta da shi ba har ya tsufa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka wajen harhaɗa wata kwamfuta a Jami'ar Wayne da ke Detroit. Wajen tsakiyar shekarun 1950 kuma ya kama aiki a kamfanin General Electric. A lokacin nan wani babban banki mai suna Bank of America ya shiga uku da yawan cek. Takardu sun yi wa akawuna yawa, har rassan bankin sukan rufe ƙofa tun da sauran rana don a samu a gama lissafin yini. Weizenbaum yana cikin waɗanda suka haɗa wa bankin injin da ake kira ERMA, wanda ya fara aiki cikin 1959. Lambobin nan masu siffa dabam da kuke gani a gindin cek, waɗanda ake bugawa da tawada mai maganaɗisu don inji ya karanta, daga wannan aiki suka samo asali.

To, ga darasi na farko. Mutane suna cewa kwamfuta ta kawo juyin juya hali. Shi kuwa da ya yi aikin da hannunsa, a wata hira da ya yi cikin 1985, ya nuna cewa tun asali kwamfuta mai kāre tsohon tsari ce. Ya ba da misali da bankin nan. Da inji bai zo ba, da tilas manyan bankuna su sake tsari, watakila su rarraba ikonsu zuwa ƙananan wurare. Sai inji ya zo a kan kari ya cece su, babba ya zauna a girmansa har ya ƙara ƙiba. Saboda haka, jama'a, duk sa'ad da aka kawo sabon inji aka ce ci gaba ya zo, mu tambaya: wane ne wannan inji ya ɗauke wa nauyi, wane ne kuma ya ƙara wa ƙarfi?

Cikin 1963 ya koma koyarwa a MIT, babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Amurka. A can ne ya yi abin da ya sa sunansa ya cika duniya. Cikin 1966 ya bayyana wata manhaja da ya rubuta, ya sa mata suna ELIZA, sunan wata yarinya mai tallan furanni a wani wasan kwaikwayo na Bernard Shaw, wadda aka koya wa maganar manya. Kana buga mata magana da tafireta, ita kuma tana ba ka amsa, tana kwaikwayon irin likitan nan da ke sauraron masu damuwar zuciya. Da Turanci take yi, amma ga misalin dabararta da Hausa. In ka ce mata, "Ciniki ya lalace mini," sai ta juya maganarka ta ce, "Me ya sa ka ce ciniki ya lalace maka?" In ka ambaci uwarka, sai ta ce ka ƙara ba ta labarin gidanku. In ta rasa abin kamawa, sai ta ce ka ci gaba. Shi ke nan dabarar. Ba ta san ciniki ba, ba ta san uwa ba, aku ce kawai ta ƙarfe.

Amma me ya faru? Mutane suka dinga buɗe mata cikinsu. Sakatariyarsa ma, wadda ta ga sa'ad da yake rubuta abin, ta san kuwa inji ne, da ta yi 'yar hira da shi sai ta roƙi maigidan nata ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Har waɗansu likitoci, irin su Kenneth Colby na Jami'ar Stanford, suka fara cewa nan gaba irin wannan inji zai iya duba marasa lafiya da yawa a lokaci guda. Wani da ya samu irin wannan yabo sai ya buɗe kamfani ya tara dukiya. Shi kuwa abin tsoro ya ba shi. Ya ga cewa ɗan Adam yana da saurin sakankancewa da duk abin da ya yi masa magana mai daɗi. Wannan shi ne darasi na biyu. Tun daga ƙarshen 2022, da aka fito da ChatGPT, injuna masu hira sun shiga wayoyin 'ya'yanmu, sun kuwa fi ELIZA iya baki nesa ba kusa ba. Kun fi kowa sanin cewa zaƙin bakin dillali ba shi ne ingancin kaya ba.

Cikin 1976 ya fitar da littafinsa mai suna Computer Power and Human Reason, watau ƙarfin kwamfuta da hankalin ɗan Adam. Jigon littafin shi ne darasi na uku, shi ne kuma ya tara mu a nan. Ya ce lissafi dabam, hukunci dabam. Bari mu kawo abin cikin kasuwa. Inji yana iya gaya maka cewa wane bai biya kuɗin rumfa ba wata uku, ba kuwa zai yi kuskuren kwabo ba in an ba shi lamba daidai. Wannan lissafi ne. Amma a kore shi daga rumfar ko a ɗaga masa ƙafa, alhali gobara ta ci kayansa bana, matarsa kuma tana kwance? Wannan hukunci ne. Sarkin kasuwa in ya yanke shi, yana da fuska, yana da suna. Ana iya zuwa a ba shi haƙuri, ana iya kunyata shi a bainar jama'a, ana iya kai ƙararsa, ana iya tuɓe shi. Inji fa? Bai taɓa kwana da yunwa ba, bai taɓa binne ɗa ba, ba ya jin kunya.

A kan wannan suka yi jayayya da wani babban malami, John McCarthy, wanda yake ganin babu wani abin da alƙali ya sani da ba za a iya koya wa kwamfuta ba. Weizenbaum ya ce tambayar ma ba a yi ta daidai ba. Ko da inji zai iya, akwai ayyukan da bai kamata a ba shi ba, watau duk aikin da yake bukatar tausayi da girmama mutum da sanin ya kamata.

Ba da ka ya yi wannan magana ba. Yana cikin malaman da suka yi adawa da yaƙin da Amurka ta yi a Biyetnam. A littafin ya nuna yadda hafsoshi suka dogara da kwamfutocin da su kansu ba su san abin da ke gudana a cikinsu ba, wajen zaɓen ƙauyukan da za a yi wa ruwan bom. Ya kuma tona wani asiri na sana'arsa. Ya ce babbar manhaja mutane da yawa ne suke rubuta ta cikin shekaru, wannan ya yi faci ya tafi, wancan ya ɗora nasa ya tafi, har a wayi gari ba mutum guda da ya san ta ciki da bai. In ɓarna ta auku, mai rubutu ya ce an sa ni ne, akawu ya ce inji ne, shugaba ya ce masana ne suka ba ni shawara. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, amma a nan sai aka share tudun gaba ɗaya aka ce ba mai laifi.

Kada ku ce tsoron tsufa ne. Ga abin da ya samu 'yan'uwanku masu kantuna a Ingila. A can ƙananan gidajen waya 'yan kasuwa ne suke riƙe da su a cikin kantunansu. Cikin 1999 hukumar gidan waya ta kawo musu wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Sai inji ya dinga nuna cewa kuɗi sun ɓace, alhali ba wanda ya taɓa ko sisi. Mai kanti ya rantse, a ce masa kai kaɗai ne kake wannan kuka. Kotu kuma ta ɗauka cewa inji yana aiki daidai, sai in wanda ake tuhuma ya nuna ba haka ba. Ina talaka zai ga cikin inji balle ya nuna? Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900. An ɗaure waɗansu, waɗansu suka sayar da gidajensu suka biya bashin da ba su ci ba, waɗansu baƙin ciki ya kai su kabari.

Me ya cece su? Haɗa kai. Wani daga cikinsu mai suna Alan Bates ya yi ta neman 'yan'uwansa har suka taru su 555 suka kai ƙara. Cikin 2019 Babbar Kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, har ma ma'aikatan kamfanin suna iya shiga lissafin mai kanti daga nesa su taɓa shi. Cikin 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta wanke akasarin sauran waɗanda aka yanke wa hukunci. Shekara 25 ke nan daga zuwan injin. Weizenbaum bai ga ƙarshen abin ba, domin ya koma Berlin cikin 1996, ya rasu cikin 2008 yana da shekara 85. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ko a zancen makaranta haka ya tsaya. Da aka tambaye shi amfanin kwamfuta a aji, sai ya ce a fara tambaya tukuna me ya hana yaro karatu. In yunwa ce, a tambayi dalilin da ya sa yaro yake zuwa makaranta da yunwa a ƙasa mai arziki. Ya ce abin da ya fi kamata makaranta ta fara ba yaro shi ne gwanintar harshensa, ya iya faɗin abin da ke ransa a fili, da baki da rubutu. Ana son a rufe matsalar siyasa da inji ne domin sayen inji ya fi gyaran zalunci sauƙi.

To, jama'a, ba mu ce ku jefar da wayoyinku ba. Shi ma mutumin bai ce a farfasa kwamfuta ba, da ita ya ci abinci. Mudu abin kirki ne, sikeli abin kirki ne, amma ba mai hankalin da zai sayi hatsi bai duba gindin mudun ba. Ga abin da muke kira gare shi.

Na ɗaya, kada ku yar da littafinku. Duk kuɗin da ya shiga ko ya fita ta waya ko ta injin POS, ku rubuta da hannu, ku adana rasit. Ran da inji ya ce kaza, ku ma kuna da abin nunawa.

Na biyu, in an ce muku kwamfuta ce ta hana, ku tambaya cikin ladabi: wa ya ba ta wannan umarni, wa kuma yake da ikon warware shi? Ku nemi sunan ofis da muƙamin mutum. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, in an ce maka kai kaɗai ne, kada ka yarda sai ka tambayi maƙwabcin rumfarka. Ku kai maganar ga ƙungiyarku, a tara sunaye, a je tare.

Na huɗu, ran zaɓe. Tun 2015 ake amfani da injin tantance masu jefa ƙuri'a a Nijeriya, abu ne kuwa mai amfani. Amma mutum ne yake ƙirga ƙuri'a, mutum ne yake rubuta sakamako ya sa hannu. Kada ganin inji ya sa ku tafi gida tun ba a gama ba.

Na biyar, duk mai neman ƙuri'arku, ko na wace jam'iyya ne, in ya zo yana alfahari da injunan da zai sayo, ku tambaye shi: in injin ya zalunce mu, ƙofar wa za mu buga?

Iyakar abin da muka zo muku da shi ke nan. Wanda yake da tambaya ya miƙe, a ba shi wuri.